Katin Ƙofa

Litinin, farkon Satumba, takwas saura,
na tsaya a ƙofar sashe da kati a hannu.
Na goga, wuta ta yi ja. Na sake, ja.
Birger mai shara ya ajiye bokiti ya ce,
"Sabuwa ce ko? Na'urar ba ta san ki ba tukuna.
Ni ma mako na yi ina bin bayan mutane."
Ya buɗe mini da nasa.
Haka na shiga jami'ar Umeå,
a bayan tsintsiya.

Ɗaki na ɗari uku da sha huɗu.
An liƙa Tove a ƙofa, ni kuwa Tuva ce.
Wanda ya riga ni ya bar tsiro ya bushe a taga,
da 'yar takarda a aljihun tebur:
"Firintar hawa na biyu ce kaɗai ba ta ƙarya."

Farfesa Gunvor ta zo da takardar aiki.
Shekara huɗu, biyar idan na koyar,
albashi ran ashirin da biyar ga wata.
Na sa hannu inda yatsarta ya tsaya,
na ce, "Da me zan fara?"
Ta ce, "Da tambaya."
Na ce, "Wacce?" Ta naɗe takarda ta miƙe:
"Da na san ta, da ban ɗauke ki aiki ba."

An ce matambayi ba ya ɓata.
Ni an ɗauke ni ne in ɓata tukun,
sannan in zo in ba da labarin hanya.

Ƙarfe goma kowa ya saki abin da ke hannunsa,
ga gahawa, ga burodi mai kirfa.
Suna hirar injin da ya mutu tun bara,
ina dariya a inda suka yi dariya.
Na ɗauki kofin da na zaci ba mai shi,
ashe na Elof ne.
Shekara bakwai yana sha da shi,
shekara bakwai yana cewa saura babi ɗaya.
Bai ce komai ba. Ya sha a kofin takarda.

Da dare baba ya kira daga Vilhelmina,
motar katako tana gurnani a bayansa.
"To ke ɗaliba ce ko ma'aikaciya?"
Na ce, "Duka biyun."
"Biyan ki ake yi ki karanta?"
"Biya na ake yi kan abin da ban sani ba."
Ya yi shiru har na ji ya sauya giya.
"Shekara talatin ana biya na kan abin da na sani,
bai kai ni ko'ina ba sai masassaƙa.
Ki sa safa mai kauri."

Alhamis aka kai ni ɗakin sanyi,
inda ake ajiye lakar ƙasan tafki
a dogayen bututu, kamar sandunan rake.
Kowace shekara ta bar layinta:
fari siriri na bazara, baƙi na hunturu.
Gunvor ta ƙirga daga sama da bakin allura.
"Nan aka haife ki," in ji ta. "Nan ni."
Tsakaninmu bai kai tsawon ɗan yatsa ba,
ga laka kuma ta miƙe har bangon ɗaki.
Na ɗora farce a kan layi huɗu,
farcen ya rufe su har da saura.
Duk kwantiragina ke nan.
Haƙorana suna kaɗawa, na kasa ɗauke hannu.

Juma'a na goga kati, wuta ta yi kore.
Na tsaya ina kallonta har ta sake kullewa.
Birger ya wuce da bokiti bai waiwayo ba.
Har yanzu Tove ce a ƙofata.
Na zuba wa busasshen tsiron ruwa,
ko da dai ban san sunansa ba,
na buɗe littafi, na rubuta kwanan wata.